Muhawara: Ma' Rosa, Duterte da kyamarar Brillante Mendoza

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Daren jiya na sake kallon Ma' Rosa, karo na uku ke nan, kuma har na kwanta abin bai sake ni ba. Shi ya sa na ce bari in kawo shi nan mu tattauna.

Ga wanda bai gani ba, fim ne na ƙasar Filifin da ya fito a 2016, daraktansa Brillante Mendoza. Labarin wata mata ce, Rosa, mai 'ya'ya huɗu, tana da ɗan tireda a ƙofar gidanta cikin wani lungu na talakawan Manila. Alewa da taliya da sabulu ba sa ci da gida, sai ita da mijinta suke sayar da ƙwayar da suke kira shabu a ɓoye. Wani dare 'yan sanda suka dira, suka kwashe su. Ba su kai su kanta an rubuta sunansu ba, sai suka bi da su ta ƙofar baya zuwa wani ɗaki, suka ce a kawo peso 200,000 a kashe magana. Da suka ga babu, suka matsa mata ta tona wanda yake kawo mata kaya, aka kamo shi aka lakaɗa masa duka, sannan aka ce duk da haka sai sun biya 50,000. Daga nan 'ya'yan suka bazu cikin gari neman kuɗi. Ɗaya ya ɗauki talabijin ɗin gidan yana yawon neman mai saye, 'yar ta bi dangi tana roƙo ana yi mata gori, ɗayan kuma ya je ya ba da kansa ga wani mutum don a biya shi.

Jarumar, Jaclyn Jose, ita ta ci kyautar gwarzuwar jaruma a bikin Cannes na Faransa a watan Mayun wannan shekarar. A cikin wannan watan ne Rodrigo Duterte ya ci zaɓen shugaban ƙasa da alkawarin karkashe masu ƙwaya. Ba a yi wata uku ba, Mendoza ne aka ba aikin tsara ɗaukar jawabin Duterte na farko ga majalisa, ya kuma sake yi a 2017. Ya fito ƙarara ya ce yana ganin yaƙin da ake yi da ƙwaya ya zama dole. To a nan na tsaya. Irin su Rosa ne fa aka riƙa tsintar gawarsu a kwalbati. Ta yaya mutumin da ya sa ni kuka saboda Rosa zai koma yana gyara wa mai kashe ta haske? Ina neman ra'ayinku.

Maman Hanif:
Wa alaikumus salam Malam. Ni fina-finan Filifin da na sani su ne masu dogon zango na soyayya da muke gani a dikoda, gidaje masu kyau, 'yan mata masu dogon gashi. Da na kalli wannan sai na ga kamar wata ƙasa ce daban. Wurin da ya tsaya min a rai shi ne ƙarshe, bayan ta jinginar da wayar 'yarta don ta cike ragowar kuɗin. Ta tsaya bakin titi ta sayi tsinken ƙwallon kifi, tana ci hannu baka hannu ƙwarya saboda yunwa, tana kallon wasu iyali suna rufe ɗan shagonsu, hawaye na zuba. Ko kalma ba ta ce ba. Duk uwar da ta taɓa haɗiye kukanta don kada yara su gani ta san wannan fuskar. Ban san komai game da siyasar mutumin ba sai yanzu da ka faɗa, kuma gaskiya raina ya ɓaci.

Bazazzage:
Malam Ɗan Fagge, da girmamawa, ni ban ga saɓani a nan ba. Fim ɗin ya nuna 'yan sanda ɓatagari, ya kuma nuna ƙwaya tana rusa gida. Mutumin da ya ga wannan da idonsa zai iya cewa a ɗauki matakin ƙarfi. Kuma kada mu manta, mutanen ƙasar da kansu suka zaɓi Duterte, kuma farin jininsa bai faɗi ba har ya sauka a 2022. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Zan faɗi wani abu da ba na yawan faɗa. Ƙanina uwa ɗaya uba ɗaya ya faɗa shan maganin tari mai kodin shekarun baya. Sai da ya sayar da keken ɗinkin mahaifiyarmu. Wanda yake sayar masa kowa a layin ya san shi, yana zaune a benci da yamma ana gaisawa da shi. A lokacin da wani zai zo ya ce min zai share irin waɗannan daga doron ƙasa, wallahi da na tafa masa. Alhamdu lillahi yaron ya dawo hanya. Amma ba zan iya zagin Bafilifinen da ya ji abin da na ji ba.

Maman Hanif:
Allah ya ƙara shirya shi Malam, ya saka wa Hajiya da haƙurin da ta yi.

Ɗan Fagge:
Amin ya Rabbi. Malam Bazazzage na ji zafin maganarka, kuma ba zan raina ta ba. Amma ka duba da kyau. A Filifin ƙaninka shi ma yana cikin jerin sunayen. Ba dillalai kaɗai aka bi ba. Tsarin da 'yan sanda suka kira Tokhang, sunan ya fito ne daga kalmomi biyu na yaren Cebuano, ƙwanƙwasa ƙofa da rarrashi. Wato a zo gidanka a roƙe ka ka daina. Masu unguwa ne suke haɗa sunayen waɗanda ake zargi da sha ko sayarwa. Abin da ya biyo baya shi ne a ƙwanƙwasa, a ji ƙarar bindiga, a rubuta a rahoto cewa ya yi turjiya. Wasu kuma 'yan bindiga a kan babur ne suke harbe su, a naɗe fuskar da salatif, a ajiye kwali a gefen gawa an rubuta cewa dillalin ƙwaya ne. Gwamnatin da kanta ta amsa cewa sama da mutum 6,000 sun mutu a samamen jami'anta. Ƙungiyoyin kare haƙƙin ɗan Adam suna cewa adadin ya ninka haka, wasu suna kai shi kusan 30,000.

A watan Agustan 2017 aka kashe wani ɗalibi ɗan shekara 17, Kian delos Santos, a Caloocan. 'Yan sanda suka ce ya harbe su. Sai kyamarar tsaro ta unguwa ta nuna ana jan sa zuwa lungu. A 2018 kotu ta samu 'yan sanda uku da laifin kisa. Wannan wanda kyamara ta kama ke nan.

Baƙon Damagaram:
Sallama gare ku daga wannan gefen. Ina biye da ku tun farko. Ni ina ganin ba za a fahimci abin da yake damun Ɗan Fagge ba sai an koma kan Lino Brocka, domin a kan ma'auninsa ake auna duk wani daraktan Filifin da ya shiga lungun talakawa da kyamara. Ku ba ni dama in ɗan tsawaita.

Shugaban ƙasar na lokacin, Ferdinand Marcos, ya kafa dokar soja a watan Satumban 1972. Matarsa Imelda tana son duniya ta ga Manila tsaf-tsaf, har katanga ake kewaye unguwannin talakawa da ita idan manyan baƙi za su zo. A cikin wannan yanayin, a 1975, Brocka ya fitar da Maynila sa mga Kuko ng Liwanag, wato Manila a cikin faratan haske. Wani saurayi ne masunci, Julio, ya baro ƙauye yana neman budurwarsa Ligaya da wata mata ta yaudara ta kawo birni da sunan aiki da karatu. Ya shiga leburanci a wurin gini. Akwai wani abu a wurin da ban taɓa mantawa ba: ranar biya, lebura zai sa hannu cewa ya karɓi peso 4, amma biyu da rabi za a miƙa masa, ragowar ta tafi aljihun shugaban leburori. Kowa ya sani, kowa ya yi shiru, domin a ƙofa akwai wasu suna jiran gurbin. Duk wanda ya taɓa ɗaukar kwanon siminti a kansa ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Shekara ta zagayo ya yi Insiang a Tondo, unguwar talakawa mafi suna a Manila. Fim ɗin ya buɗe ne da mahauta ana yanka aladu, jini da ihu. Yarinya ce mai wankau, uwarta mai sayar da kifi ta kawo saurayinta ɗaki ɗaya da su, ya keta wa yarinyar haddi, uwar kuma ta ɗauki maganarsa. Shi ne fim ɗin Filifin na farko da aka nuna a Cannes, a 1978.

Yanzu ga inda nake son zuwa. A 1983 Brocka yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar masu fasaha masu adawa da tace ayyuka. Fim ɗinsa Bayan Ko, a kan wani ma'aikacin ɗab'i da talauci ya tura shi fashi, sai da aka fitar da shi a ɓoye zuwa Faransa a 1984 domin hukumar tace fina-finai ta hana shi. A farkon 1985 aka kama shi aka tsare saboda ya shiga yajin aikin direbobin motocin haya da suke kira jifni. Da Marcos ya faɗi a 1986, sabuwar shugabar ƙasa Corazon Aquino ta naɗa shi cikin kwamitin rubuta tsarin mulki, ya fice kafin a gama. Sannan a 1989 ya yi Orapronobis, ya nuna 'yan banga suna kashe mutane a ƙauyuka a ƙarƙashin gwamnatin ita Aquinon da ta karrama shi. Bai ce wannan tamu ce a rufa mata asiri ba. Ya rasu a haɗarin mota a watan Mayun 1991.

To idan Bafilifine ya ga Mendoza a zauren majalisa yana ba masu kyamara umarni su ɗauki Duterte daga ƙasa don ya yi kwarjini, wannan tarihin ne yake faɗo masa.

Bazazzage:
Na ƙaru sosai Malam, na gode. Sai dai kada mu mai da Brocka waliyyi. Na kalli Maynila ɗin nan bayan an gyara shi a 2013. Mugun da ke cikin labarin, wanda ya kulle Ligaya a saman bene, ɗan kasuwa ne ɗan asalin Sin, kuma kusan ba a nuna fuskarsa sai a ƙarshe. Mutane da dama sun ce wannan ya hura wutar ƙiyayyar da ake yi wa 'yan asalin Sin a ƙasar. Kuma ya yi fina-finan kasuwa masu yawa don ya samu kuɗin yin waɗannan.

Baƙon Damagaram:
Gaskiyarka, an yi masa wannan sukar kuma tana da tushe. Maganar fina-finan kasuwa kuwa ban ɗauke ta aibi ba, shi ma bai ɓoye ba.

Anti Nas:
Ƙannena ku bari in sa baki, ko da yake ni ba masaniyar fim ba ce. Na yi shekaru ina aikin jinya a Saudiyya, kuma rabin abokan aikina 'yan Filifin ne. A 2016 kusan dukkansu Duterte suke so. Wata da muke kwana ɗaki ɗaya ta ce min ita tana nan tana wanke majinyata, kuɗin da take turawa gida ɗan yayarta yana sacewa ya sayi shabu, kuma 'yarta ba ta iya dawowa daga makaranta bayan magariba. Ta ce tun da aka fara samamen lungunsu ya yi tsit. Na fahimce ta sarai.

Bayan kamar shekara guda sai na same ta a ɗakin canza kaya tana zaune a ƙasa da waya a hannu. An harbe wani maƙwabcinsu mai tura keken haya a gaban 'ya'yansa. Ta ce ya taɓa sha, amma ya daina, har ya je ya miƙa kansa ga hukuma aka rubuta sunansa. Wannan rubutun ne ya zama ajalinsa. Ba ta daina son Duterte ba a ranar, amma daga nan ba ta sake kawo min zancensa ba. Don haka idan kuna maganar Mendoza, ku sani akwai miliyoyin mutane da suke tsaye a inda yake tsaye, kuma ba mugaye ba ne.

Ɗan Fagge:
Anti, Allah ya saka da alheri, wannan shaida ce mai nauyi. Amma abokiyar aikinki tana Saudiyya, labari take ji ta waya. Mendoza shi ya san ɗakin bayan caji ofis ciki da bai, shi ya nuna mana shi. Tun 2009 ya yi Kinatay, wanda ya ba shi kyautar gwarzon darakta a Cannes. A ciki wani ɗalibin koyon aikin ɗan sanda, sabon ango, ya bi wasu cikin mota don ya samu ɗan kuɗi, suka sace wata mata da ake bi bashin ƙwaya, aka yi doguwar tafiya cikin duhu, aka kashe ta aka daddatsa gawar aka watsar a hanya. Shugabannin wannan aika-aika masu alaƙa da aikin ɗan sanda ne. Mutumin da ya yi wannan fim ba zai ce bai san abin da zai faru ba idan shugaban ƙasa ya ce wa 'yan sanda ku harba ina bayanku.

Akwai wani abu kuma. Kwana ɗaya kafin jawabin 2016 ɗin nan, jaridar Philippine Daily Inquirer ta buga hoton da Raffy Lerma ya ɗauka a shafinta na farko: wata mata zaune a kan kwalta ta rungume gawar abokin zamanta, mai tura keken haya, ga kwalin nan a gefe. Duterte ya ambaci hoton a cikin jawabin, ya yi masa shaguɓe cewa wasan kwaikwayo ne. Kyamarorin da suka ɗauki wannan maganar a ƙarƙashin umarnin Mendoza suke.

Ɗalibar Fim:
Yayyena sannunku. Ni ina karatun wannan fannin ne, kuma ina so in kawo wani ɓangare da ba a taɓo ba. Tun kafin Duterte wasu masu sharhi a Filifin suna zargin Mendoza da sayar wa Turawa talaucin ƙasarsu. Suna cewa ya gano abin da alƙalan bukukuwan Turai suke so: kwata, ruwan sama, cunkoso, kyamara a hannu tana rawa tana bin ƙeyar mutum. Serbis na 2008 haka yake, Lola na 2009 haka yake. Ni dai Lola ya taɓa ni, tsofaffi biyu, jikan ɗaya ya kashe jikan ɗaya, kowacce tana yawo cikin ambaliya tana neman kuɗi, ɗaya na jana'iza ɗaya na sulhu.

Amma na lura da wani bambanci. A wajen Brocka kana ganin wanda yake cin ribar wahalar: ɗan kwangila, mai kamfani, mai gidan haya. Kana ganin masu zanga-zanga suna wucewa a titi, ko da jarumin bai shiga cikinsu ba. A Ma' Rosa kyamara ba ta taɓa ɗaga kai sama da ƙaramin ɗan sanda ba. Akwai wurin da ake nuna ana kai wa babba kasonsa, shi ke nan. Ba ka sanin daga ina shabun yake shigowa, ba ka sanin me ya sa tireda ba ta ci da gida. Idan ka nuna wa mutum ruɓa kawai ba ka nuna masa tushenta ba, zai iya fita daga silima yana cewa a kawo mai tsintsiyar ƙarfe. Don haka ni ina ganin siyasar tasa tana cikin fim ɗin tun farko.

Maman Hanif:
Ƙanwata, ban yarda da wannan na ƙarshen ba. Ni na fito daga fim ɗin ina jin tsoron 'yan sanda ne, ban fito ina jin a kashe Rosa ba. Kuma ba na jin akwai mai imanin da zai kalli fuskar matar nan a ƙarshe ya ce a harbe ta.

Ɗalibar Fim:
Haka ne Anti, a kan Ma' Rosa zan iya ja da baya. Amma ki nemi Amo, mai dogon zangon da Mendoza ya yi aka sa a Netflix a 2018. Ɗan makarantar sakandare ne yake sayar da ƙwaya, kuma yawancin waɗanda ake kashewa an riga an nuna miki laifinsu, sai ki ji kamar sun jawo wa kansu. Akwai ɓatagarin 'yan sanda a ciki, ba a ɓoye ba, amma tsarin kansa ba a tuhume shi ba. Wata uwa da aka kashe ɗanta ɗan shekara 19, mai lalurar ƙafa, ta buɗe takardar koke a intanet tana roƙon a janye shi, dubban mutane suka sa hannu. Ba a janye ba. In kina son ki ga ɗaya gefen, ki kalli Aswang na Alyx Ayn Arumpac, na 2019. Wannan ba shiri ba ne, mutanen gaske ne, ana bin masu ɗaukar gawa da iyalai cikin dare.

Bazazzage:
Na karanta duka, kuma maganar Anti Nas a kan mutumin da ya miƙa kansa ta tsaya min. Lokacin da ƙanina ya fara dawowa hayyacinsa, ni na riƙe hannunsa na kai shi inda za a taimaka masa, aka rubuta sunansa da adireshin gidanmu. Ban taɓa tunanin a wani wurin wannan takardar za ta iya zama abin da za a bi a zo a same shi ba. Har yanzu ina nan a kan cewa Mendoza ba munafuki ba ne, ya faɗi abin da ya yarda da shi a fili, kuma ba zan daina ganin Ma' Rosa a matsayin fim na gaskiya ba. Amma maganar tafi da na yi a sama, na janye ta.

Baƙon Damagaram:
Don cika bayani: a watan Maris na 2025 an kama Duterte a filin jirgin saman Manila, aka wuce da shi Hague gaban Kotun Hukunta Manyan Laifuka ta Duniya bisa tuhumar cin zarafin bil Adama. Ita kuma Jaclyn Jose ta rasu a watan Maris na 2024.

Ɗan Fagge:
Na gode muku duka. Malam Bazazzage, ka yi abin da ba kowa ke iya yi ba, Allah ya ƙara rufa asiri. Ni abin da har yanzu ban warware ba shi ne ko zan iya nuna wa ɗalibaina Ma' Rosa ba tare da na fara ba su labarin Tokhang ba. Ina jin ba zan iya ba. Ɗalibar Fim, idan kina da hanyar samun Insiang mai fassarar Turanci a ƙasa ki taimaka min, ina so in haɗa su biyun a zama ɗaya, na 1976 da na 2016.

Ɗalibar Fim:
Ina da shi Yaya, wanda aka gyara. Sai dai ka fara kallonsa kai kaɗai kafin ka kai aji, saboda buɗewar nan ta mahauta da kuma abin da ya faru da yarinyar. Ba kowane ɗalibi ne zai iya ɗauka ba.

Anti Nas:
Idan kun sa rana ku sanar a nan. Zan tura wa abokiyar aikin nan tawa sunan fim ɗin, ta koma gida yanzu, a Tondo aka haifi mahaifiyarta.